Dakta, Muzuru Ya Fi Ka Lamba

Bawana Bazazzage, ga gaisuwar ubangida, daga zaune. Saƙonka ya iso, kuma ba ni kaɗai ya iso wa ba. Na gan shi a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, na gan shi a na 'yan unguwa, na sake cin karo da shi a sitatus ɗinka. Har gwaggona, wadda ta san ka tun kana zuwa gidanmu hutu kana cinye mana ɗumame, ta bugo mini waya hankali a tashe tana tambaya ko an kwantar da kai ne, don jikarta ta nuna mata hotonka ga wasu sanduna dogaye da gajeru a gefe, ta ɗauka takardar gwaji ce. Na ce ta kwantar da hankalinta, lafiyarka ƙalau, shafinka ne na Google Scholar, sandunan kuma lissafi ne na mutanen da suka ambaci sunanka a rubuce-rubucensu, shekara bi shekara. Ta yi shiru, can ta ce, "To da alheri suke ambatonsa ko da sharri?" Na ce injin ba ya bambancewa. Ta ce Allah ya kyauta.

Ka zagaye lamba 9 da ja, ka rubuta hamdala a ƙasa. Madalla, godiya ga Allah ba ta da rana. Amma ka san mu a Kano ba ma karɓar kaya a ɗaure, sai mun kwance mun duba. Na je na binciki wannan lambar h da kuke ta yi wa juna fankama da ita. Wani masanin fiziya ne ya ƙirƙiro ta a 2005, Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Lissafinta ba shi da wuya. A jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. In yana da maƙala 9 da aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 9, to lambarsa 9. Ko ya rubuta wasu ɗari da ba wanda ya waiwaya, ba su ƙara masa ko ɗigo. Hirsch da kansa ya ce wanda ya yi shekara 20 yana bincike ya kai 20, ya yi abin kai. Wanda ya kai 40 fitacce ne. 60 kuwa sai ɗai-ɗai. Da 'yan fiziya yake, kada ka yi saurin tuna mini. Ni dai na san shekarar da ka gama makarantar likita, don da ni aka ci kajin walimar.

Wannan bai isa ya sa in ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa shi ne wani muzuru mai suna Larry. A 2024 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Northwestern ta Amurka, Reese Richardson, shi da wani abokinsa mai bin diddigin maguɗin bincike, suka ga ana tallar sayar da ambato a intanet: ka biya, a hau da lambarka. Sai suka ce bari su gwada dabarar a kan mage. Suka sa wata manhaja ta zubo musu maƙalun lissafi na shirme guda 12 da sunan Larry, da wasu 12 masu ambaton na farkon, suka ɗora a ResearchGate, suka koma gefe. Google Scholar ya zo ya kwashe, ya ƙirga wa muzurun nan ambato 132, ya ba shi lamba 11. Goma sha ɗaya, Dakta! Kai da ka yi shekara shida a makarantar likita, ka yi aikin sanin makama, ka yi bautar ƙasa, ka kwashe shekaru kana kwanan asibiti, kana 9. Wanda bai taɓa kama komai ba sai ɓera, yana 11. Daga baya an goge masa, gaskiya ne. Amma a 'yan kwanakin da ya yi yana kai, da an kira taro da kujerarsa tana gaban taka.

Kuma ba shi ne farau ba. A 2010 wani malamin kwamfuta a Grenoble ta Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri mai binciken da uwa ba ta haifa ba, ya raɗa masa suna Ike Antkare, ya zuba masa maƙalun bogi fiye da 100 masu ambaton juna, lambarsa ta kai 94, ya haye kan Einstein. Tun ma kafin a san da intanet, a 1975, Jack Hetherington na Michigan ya gama buga maƙalarsa a tafireta, sai aka ja hankalinsa cewa mujallar ba ta yarda mutum ɗaya ya riƙa cewa "mun yi" ba. Maimakon ya sake bugu, ya ƙara sunan magensa a matsayin abokin rubutu, F. D. C. Willard, kuma mujallar Physical Review Letters ta buga. Ka ga ke nan a wannan fage maguna sun riga Zage-zagi shiga.

Na buɗe maƙalun naka ɗaya bayan ɗaya don in ga su wane ne masu ambaton. Ba na son tonon silili a jarida, amma na farko a yawan ambaton Dakta shi ne Dakta. Na biyu abokinka ne da ƙofar ofishinsa ke kallon taka, wanda kai ma ba ka rufe maƙala sai ka sako shi, ko da maganar ba ta biyo ta kansa ba. Sai ɗalibanka, waɗanda suka san kundinsu ba zai samu sa hannu ba sai sunan malam ya fito sau uku a babi na biyu. Adashi ne wannan, Dakta. Ku biyar ne, kowa na zubi, kowane wata mutum ɗaya ya kwasa ana masa barka, kuma shekara ta ƙare ba kwabon da ya shigo daga waje.

Sannan ga abin da aka rubuta a ciki. Huɗu daga cikin taran nan bincike ɗaya ne, na takardar tambayoyi da ka raba wa ɗalibai a aji kan abin da suka sani game da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Ka raba shi gida huɗu: na maza, na mata, na 'yan aji huɗu, na 'yan aji biyar. Kowanne ya ƙare da cewa ilimin ɗalibai bai isa ba, ana buƙatar ƙarin horo da ƙarin bincike. To wa ke koya musu? Ai kai ne.

Na san amsarka, don na sha jin ta a bakinka muna cin tsire a Kwangila: kwamitin ƙarin girma ba ya tambayar rai nawa aka ceto a hannunka, maƙala nawa ka buga yake tambaya, kuma a wace mujalla. Wanda ya ƙare shekara yana tsaye a kan masu haɗari yana nan a matakinsa, wanda ya ƙare ta a gaban kwamfuta ya zama farfesa. A nan ban da abin cewa, ka yi gaskiya, ko da yake ba a son Bakano ya furta wa Bazazzage wannan kalma a bainar jama'a. Shi kansa ƙirgen ba don haka aka yi shi ba. Eugene Garfield, wanda ya kawo shawarar a 1955 ya kuma fitar da kundin Science Citation Index a 1964, so yake mai bincike ya iya bin sawun magana, ya ga wa ya ɗora a kanta, wa ya rusa ta. Ma'aunin tasirin mujalla an yi shi ne don tantance mujallun da za a saka a kundin, masu kula da laburare suka ɗauka don sanin wadda za su kashe wa kuɗi. Daga baya ne jami'o'i suka mayar da shi abin awon mutane. Da abin ya yi yawa, a Disamban 2012 wasu editoci da masana suka zauna a San Francisco suka tsara sanarwar da ake kira DORA, suna roƙon a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki, a zauna a karanta abin da ya rubuta. Karantawa kuwa aiki ne, ƙirge ya fi sauƙi, shi ya sa har yau ƙirgen ake yi.

Inda aka ce ƙirge, 'yan kasuwa za su kafa rumfa, wannan mu ne shaida. Akwai mujallun da ke turo maka saƙo da tsakar dare suna kiranka babban shehin malami, su karɓi maƙala ranar Litinin su buga ta ranar Alhamis, in dai dala ta shiga. Wani ma'aikacin laburare a Denver, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irinsu har zuwa Janairun 2017 da ya sauke jerin. Ban ce na ga sunanka a ɗayansu ba. Ban kuma ce ban gani ba. Manyan na gaskiya kuma suna da nasu kuɗin: a 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 ga mai son a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta kyauta. Canza shi zuwa naira, ka gaya mini albashinka na wata nawa ne.

Yanzu mu koma kan tambayar Gwaggo, don ta fi duk lissafin Hirsch nauyi. A fanninka na taimakon gaggawa akwai maƙalar da kowane ɗalibi ya sani, ta Emanuel Rivers da abokansa, wadda ta fito a New England Journal of Medicine a 2001. A asibitin Henry Ford da ke Detroit suka yi aikin, kan marasa lafiya 263 da ƙwayoyin cuta suka bi jininsu har gaɓoɓi suka fara gazawa, abin da kuke kira sefsis. Suka ce in aka bi wani tsari na musamman a sa'o'i shida na farko, da bututu har cikin babbar jijiya ana auna iskar jini, mutuwa na raguwa daga kashi 46.5 cikin ɗari zuwa 30.5. Duniya ta ɗauka, aka saka a ƙa'idojin jinya, aka ambaci maƙalar sau dubbai. Sai a 2014 da 2015 aka yi manyan gwaje-gwaje uku, ProCESS a Amurka, ARISE galibi a Ostireliya da Niyu Zilan, ProMISe a Ingila, kan mutane fiye da 4,000, dukkansu suka ce tsarin bai fi kulawar da aka saba yi da kyau ba. Rivers ya yi amfani, don shi ya sa likitoci suka koyi gaggawar gane cutar. Amma duk wanda ya rubuta cewa tsarinsa bai yi aiki ba, dole ya ambace shi kafin ya faɗa, kuma injin ya ƙara masa ɗaya. Wanda ya yaba ɗaya, wanda ya rusa ɗaya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na yara. Shekara da shekaru ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, hannuwa suka yi sanyi, jini ba ya zagayawa sosai, a ɗura masa ruwa da gudu ta jijiya. Littattafai sun faɗa, masu ambato sun maimaita, ba wanda ya ga dalilin tambaya. Sai Kathryn Maitland da abokan aikinta suka gwada a kan yara 3,141 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, gwajin da ake kira FEAST, aka buga a 2011. Cikin sa'o'i 48, kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwan da gudu suka rasu, waɗanda ba a yi wa ba kashi 7.3. Sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. An aro ƙa'idar ne daga asibitocin da ke da injin numfashi a gefen gado, aka kawo ta inda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suka yi wa yara katutu. Ba wanda ya gano sai da wasu suka zauna a asibitocin Afirka suka ƙirga yaran Afirka.

Abin haushin shi ne, irin wannan aiki ba baƙo ba ne a garinku. Bari in yabi Zariya sau ɗaya, ka yanke wannan shafi ka ajiye, don ba za a sake ba. A shekarun 1970 David Warrell yana Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa suka yi nazarin mutanen da kububuwa ta sara, macijin nan da ake wa laƙabi da gobe da nisa, wanda dafinsa ke hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta ciki. Daga aikin nasu, wanda suka buga a 1977, aka samu gwajin da ya fi kowane gwaji arha. A ɗebi jini kaɗan daga jijiya, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ba ta roba ba, ba kuma wadda aka wanke da omo ba. A ajiye ta, kada a taɓa, kada a girgiza, sai minti 20 sun cika. Sannan a karkata ta sau ɗaya. In jinin ya kama ya tsaya, da sauƙi. In ya kwaranyo, dafi ya yi aiki, a kawo maganin dafi. Ba wuta, ba inji, ba jiran ɗakin gwaji ya buɗe da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a ƙa'idojinta, ana yin sa daga Kaltungo har ƙauyukan Indiya. Nas ɗin da ta karkata kwalbar nan da ƙarfe uku na dare, manomi na kwance ƙafa a kumbure, 'yan uwansa na leƙe ta taga, ba ta rubuta maƙala, ba ta ambaci kowa ba, wataƙila ma ba ta taɓa jin sunan Warrell ba. Google Scholar bai san an yi ba.

A Zariyar dai Kelsey Harrison ya zauna ya bi haihuwa 22,774 a jere, aka buga a 1985, ya nuna wa duniya da alƙaluma cewa mace-macen masu haihuwa sun fi taruwa ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga. Littafin rajista da haƙuri, su ne jarinsa. Waɗannan su ne magabatanka, Dakta, kai kuma ka gaje su da takardar tambayoyi. Kafin kanka ya kumbura da yabon garinku, bari in ƙara da cewa yau in ana maganar saran maciji a Najeriya, cikin sunayen da duniya ke fara kira akwai Farfesa Abdulrazaq Habib, kuma a Jami'ar Bayero yake. Yana cikin waɗanda suka gwada magungunan dafi iri biyu a kan mutane 400 a Kaltungo, aka buga a 2010. Ko da me ka zo, ka san sauran.

Akwai kuma allurar nan ta tsayar da jini, tiranekzamik, da kake ba masu haɗari. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samar da ita a 1962, tana fatan a yi amfani da ita wajen matan da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa, likitocin haihuwa na lokacin suka ƙi kula ta. Sai a 2010 gwajin CRASH-2, kan masu rauni 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40 har da Najeriya, ya nuna tana rage mutuwa, daga baya aka gane sai an ba da ita cikin sa'o'i uku. A 2017 gwajin WOMAN, kan mata 20,060, waɗanda dubbai daga cikinsu 'yan Najeriya ne, ya nuna cewa in an yi ta cikin sa'o'i ukun nan, mutuwa ta zubar jini na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Okamoto ta rasu a 2016, shekara ɗaya kafin sakamakon ya fito. Likitoci da nas-nas ɗin da suka hana idonsu barci suna cike takardun marasa lafiyan nan kuwa, sunayensu na can ƙarshen maƙala da ƙananan baƙaƙe, inda sai da tabarau ake gani.

Zan yi maka adalci ɗaya. Fanninku yaro ne. Ko a Amurka sai 1979 aka amince da shi a matsayin fanni mai cin gashin kansa. Afirka ta Kudu ta fara horar da ƙwararrunsa a 2004, asibitin Komfo Anokye na Kumasi a 2009, mujallar African Journal of Emergency Medicine kuma ta fara fita a 2011. Mai rubutu kan ciwon zuciya ko kansa yana da dubban masu rubutu a bayansa da za su ambace shi. Mai rubutu kan ɗan acaɓar da ya faɗi ba hular kwano, ko yaron da ya sha kananzir a robar lemo, masu ambatonsa ba su da yawa, don masu rubutu a kan abin ba su da yawa. Saboda haka ƙaramar lamba a fanninka ba abin kunya ba ce a wurina. Abin da na ƙi shi ne ka bar abin da ke shigowa ta ƙofarka kullum, ka tafi neman abin da zai motsa sandunan nan.

Me ke shigowa ta ƙofar? Ka fi ni sani, amma ni ma na taɓa raka maƙwabci wani asibiti cikin dare na ga abin da na gani. Motar asibiti ba ta kawo kowa ba. Adaidaita sahu ce ke kawowa, da akori-kura, mutum uku a kwance a baya an haɗa su da tayar safaya, waɗanda suka ɗauko su sun riƙo wuya yadda suka ga dama. Kafin a taɓa mutum an miƙa wa ɗan uwansa 'yar takarda: safar hannu, allurar sa ruwa, ledar ruwa biyu, bandeji. Ya ruga kemis, ya dawo, a ce saura jini, ya fara buga waya yana neman mai irin jinin. Wani na tsaye yana haska wa nas jijiya da fitilar waya kafin a tayar da janareta. A kan tebur ga babban littafin rajista, an rubuta suna da gari da abin da ya faru. Gurbin lokacin isowa fayau, gurbin lokacin da likita ya gani fayau. Fayil ɗin kuma bayan wata uku sai wanda ya gani.

Nan bincikenka yake, Dakta, a guraben nan biyu da ba a cikewa. Minti nawa ne tsakanin haɗari a kan titi da isowa ƙofarka? Minti nawa tsakanin ƙofa da hannun likita? Cikin masu zubar da jini, nawa ne suka samu allurar Okamoto kafin sa'o'i uku su wuce, nawa ne kuma lokacin ya ƙare musu ɗan uwa na layin biyan kuɗi? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 ta ce a yi wa wanda aka harba magani ko da takardar 'yan sanda ko babu. An kuma ƙaddamar da tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, a 2022. Wace ce a cikinsu ta iso ƙofarka, wace ce ta tsaya a Abuja? Wannan ba ya buƙatar tallafin dala. Agogon bango yake buƙata, da biro, da mutumin da zai yi shekara biyu yana matsa wa kowa lamba a rubuta lokaci, har nas-nas su riƙa canza hanya in sun hango shi. Matsa wa mutane lamba kuwa, ban san wanda ya kai Bazazzage ba.

Ba zan yi maka alkawarin za a ambace ka ba. Wataƙila mutum bakwai ne za su yi, biyu daga cikinsu don su ce samfurinka ya yi kaɗan. Amma da irin wannan takarda za ka iya shiga ofishin shugaban asibiti ka ajiye masa, ka ce ga yawan waɗanda suka mutu suna jiran jini, a sa firji da akwatin kayan gaggawa a nan, a biya daga baya. Da ita kwamishina zai rasa ta cewa. Takardar ɗalibanka 'yan aji huɗu kuwa ko masinjan ofishin ba za ta tayar daga kujera ba.

Kuɗin shararka na bana na riƙe, sai na ga agogo a bangon ɗakin taimakon gaggawa da idona. Ranar Asabar zan biyo hanya, akwai ɗaurin aure a Tudun Wada, kuma direban da zai ja mu yaro ne mai jin kansa, ba ya ganin mota a gabansa daga Kwanar Dangora zuwa Tashar Yari bai wuce ta ba. Muna roƙon Allah ya kai mu lafiya. Amma ko da tsautsayi, wanda ba a fata, ka tabbata kana cikin imajansi da safar hannu a aljihu, wayar kuma ka ba wani ya riƙe maka. In kuma mun iso lafiya, a tanadi tuwo da man shanu, kada a kawo mini shayi a ce Dakta yana taron ƙara wa juna sani.